Ra'ayinmu: Yaushe Ya Kamata A Sauke Yaro Daga Baya?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin iyaye da likitocin yara: a wace shekara ya kamata yaro ya daina hawa keken turawa? Wasu na cewa da zarar ya cika shekara 3 a naɗe keken a ajiye, wasu na cewa a ƙyale uwa ta yi abin da ya sauwaƙa mata. Keken nan ya iso gare mu. Ana sayar da sabo da na gwanjo a kasuwar Sabon Gari ta Kano, yana kuma shiga cikin kayan barka a gidajen masu hali. Amma wanda ya karya ta Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa Doguwa, zai daɗe yana baza ido kafin ya ga mace tana tura yaro a keke. A wannan yanki, daga Bebeji da Kiru har Riruwai, abin da ke ɗaukar yaro shi ne bayan uwarsa da zani da majanyi. Tambayar da ta dame su a Turai da Amurka, ga yadda take a nan: yaushe za a kwance goyo, yaro ya taka ƙasa da ƙafarsa?

Ba mu ne muka ɗora keken turawa da goyo a ma'auni ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta yi haka a watan Afrilun 2019, lokacin da ta fitar da ƙa'idojinta kan motsa jiki da zama da barcin yara 'yan ƙasa da shekara 5. A ciki ta ba da shawarar kada a tsare ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, ta kuma kawo misali da keken turawa, da doguwar kujerar cin abinci, da ɗaure yaro a bayan mai rainonsa. Ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kwantar da shi rub da ciki yana farke, aƙalla minti 30 a yini, kaɗan-kaɗan. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar minti 180 na motsi kullum, wato awa 3. Ɗan shekara 3 zuwa 4 ma haka, sai dai a cikinsu a samu minti 60 na guje-guje da tsalle-tsalle mai sa gumi.

Idan aka karanta wa mai turaren shinkafa a Tudun Wada wannan bayani, amsarta ba za ta wuce kalma biyar ba: "In sauke shi a ina?" Muna ganin duk wanda bai amsa mata wannan tambaya ba, bai isa ya yanke mata shekarar sauke goyo ba.

Abin da goyo ke yi

A tsaya a kalli yadda ake yinsa. Uwa za ta ranƙwafa, ta kamo yaro ta ɗora shi a gadon baya, shi kuma ya san darasin, ya buɗe ƙafafu ya manne. Ta ja zani ta lulluɓe shi zuwa kafaɗa, ta soke gefen sama a ƙirji, ta tattaro na ƙasa ƙarƙashin mazaunansa ta murɗe, sannan ta kawo majanyi ta ɗaure tamau. Kafin a ƙirga goma an gama. Hannayenta biyu sun kuɓuta: ga daka, ga wanki, ga jan guga, ga ƙwaryar nono a ka idan bafulatana ce da ta sauko daga ruga zuwa kasuwa. Yaron yana jin ɗumin jikinta, ita kuma tana jin nasa. Zazzaɓi bai isa ya shige shi ba ta sani ba, haka in numfashinsa ya canza. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke iya kayar da yaro cikin yini guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma abin da goyo ke kare yaro daga gare shi. Tsakar gidan ƙauye ba filin wasa ba ne. Akwai murhu da tukunyar ruwan zafi, akwai rijiyar da ba murfi, akwai kashin kaji da na awaki, akwai taɓarya da ke sauka da ƙarfi. A gona akwai kututturen masara da ƙaya da kunama da maciji. A garuruwan da ke kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, akwai hanyoyin ruwa da kududdufai da yaro mai rarrafe ba ya tsoro. Yaron da ke ƙasa duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, daga nan kuma sai gudawa da tsutsar ciki. Uwar da ta ce "gara yana bayana, hankalina ya fi kwanciya" lissafi ta yi, kuma lissafinta ba banza ba ne.

Likitoci ma sun shaida wa goyo. Yadda jariri ke zama ƙafafu a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, shi ne zaman da likitocin ƙashi ke so domin kan cinya ya zauna daram cikin gurbinsa na ƙugu. An lura cewa gocewar ƙugun jarirai ba ta da yawa a al'ummomin da ke goyo, alhali tana da yawa a inda ake naɗe jariri ƙafafu a miƙe a ɗaure. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, a 1978, ƙarancin kwalabar renon bakwaini ya sa likita Edgar Rey ya fara ɗora jarirai a ƙirjin iyayensu fata da fata, a ɗaure su da ƙyalle. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a yi wa bakwaini haka tun daga haihuwa. A addinance ma ɗaukar yaro abin yabo ne: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, 'yar Nana Zainab, yana ajiye ta idan zai yi sujada, yana ɗaukarta idan ya miƙe.

Saboda haka masu kallon goyo a matsayin alamar ƙauyanci, keke kuma alamar wayewa, su sake tunani. Keken da ake naɗewa kamar lema, wanda injiniyan jiragen sama Owen Maclaren ya ƙera a Ingila a 1965, an yi shi ne domin shimfiɗaɗɗen daɓen gefen titi. A kawo shi hanyar ƙauyen Doguwa a watan Agusta, inda laka ke cire wa mutum takalmi, ko cikin yashin rafi da rani, sai uwa ta koma ɗaukar yaro da keken gaba ɗaya.

Abin da goyo ke hanawa

Duk da haka, Bahaushe ya ce da rarrafe yaro kan tashi, kuma ba a rarrafe a baya. Tsokar wuya da ta baya da ta cinya aiki ke gina su. Yaro yana koyon tsayuwa ne ta hanyar faɗuwa, yana koyon riƙo ta hanyar damƙar ludayi da marfin kwano da dutse. Yaron da ke yini a ɗaure, hannayensa a cikin zani, an hana shi makarantarsa ta farko. Kuma duk tsawon lokacin ƙeyar uwarsa yake gani. Magana kuwa da kallon fuska ake koyonta: a yi masa gwaranci ya mayar, a nuna masa akuya a kira sunanta, a yi dariya ya yi. Goyo yana sa yaro shiru, shirun nan kuma shi ke sa a manta da shi a baya na awanni.

Akwai haɗurran da goyon kansa ke jawowa, waɗanda ba mu cika faɗa ba. Idan uwa ta durƙusa tana hura wutar ɗanyen ice, ko ta yini a kan tukunyar turaren shinkafa, hayaƙin da take shaƙa yaron ma yana shaƙa, da huhun da bai kai nata ƙwari ba, kuma hayaƙin girki na cikin abubuwan da ke jawo wa yara ciwon sanyin haƙarƙari. Idan aka shiga gonar da aka yi wa feshi, shi ma ya shiga. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, za ka ga an goya jariri cikin rigar sanyi da hula, an kawo hijabi mai kauri an rufe shi ruf, ba wanda ke ganin fuskarsa. A kan babur kuwa, yaron da ke baya shi ne na ƙarshe a layi, kansa a waje, ba abin da ya tare shi.

Sai nauyi. A ma'aunin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro ɗan shekara 1 yana da nauyin kilo 9 zuwa 10, ɗan shekara 2 kusan kilo 12, ɗan shekara 3 kusan kilo 14. A ɗora wannan a bayan matar da ke ɗauke da jarkar ruwa mai lita 25 ko dammin ice a ka, wataƙila kuma da ƙaramin ciki. Ciwon baya da na ƙugu da mata ke kuka da shi tun ba su kai shekara 30 ba yana da mafari, ko da ba goyo kaɗai ne ba. Muna yawan maganar lafiyar yaro a wannan batu, mu manta cewa bayan da ake goyon a kai na mutum ne.

Abin da bincike ya nuna, da abin da kakanni suka sani

Shin goyo na jinkirta tafiya? Abin da aka gano bai nuna haka ba, muddin ana sauke yaron. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa sakamakon bibiyar yara masu lafiya a ƙasashe biyar: Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka. An samu cewa yara kan fara zama da kansu tsakanin kusan wata 4 da wata 9, su fara tafiya su kaɗai tsakanin kusan wata 8 da wata 18. Yaran Ghana, inda ake goyo kamar yadda muke yi, ba su zo a baya ba. Tun kafin nan, a 1976, wani masani Ba'amurke mai suna Charles Super ya wallafa bincikensa kan jariran ƙabilar Kipsigis ta Kenya. Ya ga suna riga yaran Amurka zama da tafiya, ya kuma gano dalili: iyayensu na koya musu da gangan, su zaunar da su cikin ɗan rami a tokare da tsummoki, su riƙe su suna tattaka ƙasa. Amma a rarrafe, wanda ba a koya musu kuma ba sa samun lokacinsa sosai, ba su riga kowa ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe. Kaka ce ke zaunar da jariri cikin daro ko ƙwarya ta kewaye shi da tsumma. Yayye ne ke kama hannayensa biyu suna ja da baya ana yi masa tatata, gida ya ɗauki shewa ranar da ya saki hannu ya yi taku uku. Kafinta ne ke ƙera keken katako mai ƙafa uku, yaro ya dafa yana turawa. Tarbiyyar gargajiya ba ta taɓa zama goyo zalla ba. Goyo ne da sauka, kowanne da lokacinsa. Al'ada ma ta san illar wuce gona da iri, shi ya sa ake yi wa sangartaccen yaro ba'a da goyon kaka. Abin da ya canza shi ne hannayen da ke karɓar yaro sun ragu, aikin mace kuma ya ƙaru. Gandu ya watse a gidaje da yawa, maza sun tafi ci-rani, tsadar rayuwa ta sa kowace mace neman abin sana'a. Goyon da ya kamata ya zama na awa ɗaya sai ya zama na wuni.

Akwai kuma zargin da ya kamata a wanke goyo daga gare shi, wato cewa shi ke sa yaro gwame ko bauɗaɗɗiyar ƙafa. Yawancin yara ƙafafunsu kan ɗan lanƙwashe lokacin da suka fara tafiya, su miƙe da kansu wajen shekara 2 zuwa 3. Wanda nasa ya yi tsanani yana ƙaruwa, sau da yawa laushin ƙashi ne. Binciken da likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa a wurin yaran Najeriya babban dalilin wannan ciwo shi ne ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci, kuma ba su sinadarin yana warkar da su. Yaron da aka yaye ya koma kan koko da tuwon masara kaɗai, ba nono ba madara ba kifi, shi ne ke cikin haɗari. Maganin yana cikin kwano, kwance majanyi ba zai miƙar da ƙafar ba.

Wa ake sauke wa?

A gidaje da yawa ba shekara ce ke sauke yaro ba, ƙani ne. Addini ya ba da shekara biyu cikakku na shayarwa ga mai son cikawa, al'ada kuma ta saba yaye tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a kai yaro gidan kaka ya manta da nono. A wannan tsari sauka daga baya na zuwa ne a hankali, tare da yaye. Amma idan uwa ta yi kwanika, sai a sauke yaro ba shiri, daga nono da baya a lokaci guda, kuma a nan ne tamowa ke samun ƙofa. Shawarar masana lafiya ta a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ɗaukar wani cikin ta dace da wannan tsohon tsari, kuma magana ce da ta fi shafar maigida.

Sannan idan an sauke shi daga bayan uwa, sau da yawa ba ƙasa yake sauka ba, bayan yayarsa yake komawa. Kowa ya san hoton: yarinya 'yar shekara 7, zani ya zagaye ta sau biyu, ƙafafun ƙaninta na dukan bayan gwiwarta, ta karkace gefe tana tafiya, wani lokaci da farantin talla a ka. Nauyinta bai wuce ninki biyu na nasa ba. Ƙarfe 9 na safe ne, sa'o'inta na aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, Jihar Kano ta sa hannu kan dokar kare yara a 2023, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Duk waɗannan ba za su kai ga yarinyar nan ba muddin ita ce kaɗai amsar da gida ke da ita ga tambayar raino. Taimakon uwa da yamma ko ranar hutu tarbiyya ce mai kyau, ba mai ja. Cire yarinya daga makaranta domin ta zama majanyi zalunci ne, ko da an saba da shi.

Keken turawa da ɗan'uwansa

Ba mu da gaba da keken turawa. Yana da inda yake amfani: mai tagwaye, matar da aka yi wa aiki wajen haihuwa, mai ciwon baya, ma'aikaciyar da ke zaune a gari inda hanya ke da kyau, ko uban da ke jin nauyin goyo amma ba ya jin nauyin turawa. Sai dai illarsa ta fi ta goyo saurin ɓuya. Goyo yana da mai tsawatarwa, wato gajiyar uwa. Idan yaro ya yi nauyi dole a sauke shi. Keke ba ya gajiya, shi ya sa a biranen Turai ake ganin ɗan shekara 4 ko 5 a kishingiɗe ciki, waya a hannu. Ga wanda ya saya, a kula da abu uku: a ɗaure yaro da maɗaurinsa, kada a rufe keken da mayafi cikin rana domin zafi na taruwa a ciki, kada kuma a mayar da shi gadon yini.

Wanda muke gargaɗi a kai shi ne ɗan'uwansa, keken roba mai tayoyi da ake zura jariri ciki ƙafafunsa na reto, wai yana koyon tafiya. Ba ya koyar da tafiya. Abin da yake yi shi ne bai wa jaririn da bai san wuta ba saurin isa gare ta, da tsawon da zai janyo tukunya ko fulas ɗin shayi. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana neman a haramta. A gidan da ake girki a ƙasa, kyautar wannan keke ranar suna ba alheri ba ce. Na katako mai ƙafa uku, wanda yaro ke tsaye da ƙafarsa yana turawa, ya fi shi, in da babba a kusa.

Yaran da ƙa'ida ba ta hau kansu ba

Kafin a yanke shekara, a tuna da waɗanda ba za su iya cika ta ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, irin waɗannan kuwa kan makara wajen tafiya, su kuma gaji da wuri. Akwai mai sikila da ciwo ke kama wa hannu da ƙafa. Akwai wanda shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa a makon haihuwa, ko wanda ya sha wuya wajen fitowa, wuyansa bai tsaya ba har yau. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan-inna daga Najeriya a watan Agustan 2020, amma ba a kawar da nakasa ba. Idan ka ga uwa ta goyo ɗan shekara 6 a layin asibiti, kada ka ce ta sangarta shi. Ita ce ƙafarsa.

Abin takaici, waɗannan su ne suka fi kowa bukatar keke, kuma su ne ba sa samu. Keken da ke cin ƙura a ɗakin ajiyar wani gida a birni zai iya sauke wa irin wannan uwa nauyin da ta ɗauka shekara da shekaru. Masu rabon tallafi da 'yan siyasar yankin, waɗanda ba sa rasa kuɗin babura da kekunan ɗinki idan zaɓe ya matso, su sa kekunan yara masu nakasa a lissafi, masu manyan tayoyi da za su iya hanyar ƙauye.

Matsayarmu

A shekarar farko, a goya yaro ba tare da jin kunyar kowa ba. Amma a riƙa kwance shi akai-akai: a shimfiɗa tabarma a inuwa, a kwantar da shi rub da ciki yana farke ana kallonsa, a zaunar da shi, a bar shi ya yi rarrafe. Awa 1 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ba za ta yiwu da agogo a hannu ga matar da ke kan hanyar kasuwa ba, kuma ba laifi ta yi ba. Manufar ce abin riƙewa: idan yaro ya farka kuma wurin ba haɗari, ƙasa ta fi masa.

Daga ranar da ya fara tafiya, goyo ya tashi daga mazauni ya koma abin bukata: doguwar tafiya, cunkoson kasuwa, rashin lafiya, lallashin barci, ko wurin da ke da wuta ko ruwa. Tsakanin shekara 2 da 3 a riƙa ragewa, a bar shi ya taka zuwa maƙwabta, zuwa masallaci da babansa, zuwa bakin rijiya hannunsa cikin na babba, in ya gaji a ɗauke shi. Yaro lafiyayye da ya cika shekara 3 ba shi da sauran hujjar yini a baya ko a keke. Ɗauka ta lokaci-lokaci ba ta ƙare ba, al'adar kullum ce ta ƙare. Wanda kuwa ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai yi tafiya ba, ko ƙafarsa ke ƙara bauɗewa bayan shekara 2, ko ya fara tafiya ya daina, a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jiran a ga abin da hali zai yi ba. Idan abin na ƙashi ne, Asibitin Ƙashi na Dala na nan a Kano.

Amma ba za mu ɗora wa uwa wannan jadawali mu juya baya ba, domin tambayarta na nan: a ina za ta sauke shi? Amsar tana hannun maigida kafin kowa. Murfin rijiya, ɗan katangar da zai raba murhu da tsakar gida, turken da zai tsare awaki, rumfar kara da tabarma mai tsabta: duk aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuɗinsu bai kai na keken gwanjo ba. Uban da ya dawo daga gona ya karɓi ɗansa na awa guda bai zubar da girmansa ba. Wanda ya fi shi girma ya ɗauki jikarsa a cikin salla. Ƙungiyoyin mata masu turaren shinkafa da masu sussukar masara za su iya keɓe inuwa nesa da hayaƙi, su riƙa karɓa-karɓar zama da yara, ko su haɗa ɗan abin hasafi ga wata dattijuwa. Ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar uwa ranar rigakafi ko yaro ya fara zama, ko ya fara tsayuwa, maimakon allura da awo kawai. Limamai su taɓa batun a huɗuba da wa'azin suna. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, tare da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, su buɗe azuzuwan share fagen firamare a makarantun ƙauye su sa musu malamai, domin ɗan shekara 4 ya samu wurin zuwa, yayarsa kuma ta koma ajinta. A kan waɗannan za mu auna su, ba a kan yawan kekunan da aka gani ranar suna ba.